Gonar Pauwa da jarrabawar GMAT: Yadda ake gane ko bayani ya wadatar

Matashin da ya kammala digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma yake neman gurbin digiri na biyu a fannin kasuwanci a ƙasar waje, sau da yawa sai ya ci karo da jarrabawar GMAT. Hukumar GMAC da ke Amurka ce ke da ita, an kuma fara yin ta a 1954. A cikinta akwai wani nau'in tambaya da wanda ya saba da WAEC da JAMB bai san shi ba. Ba a neman amsar lissafin daga wurinsa, sai dai ya faɗi ko bayanan da aka ba shi sun isa a fitar da amsa guda ɗaya tak.

Tsarin ba ya canzawa. Ana kawo tambaya, a biyo ta da bayani biyu, sannan zaɓi biyar: A idan na farko kaɗai ya isa, B idan na biyu kaɗai ya isa, C idan sai an haɗa su, D idan kowanne ya isa shi kaɗai, E kuma idan ko an haɗa su ba su wadatar ba.

A ɗauki misalin wata gona a Pauwa, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, mai gefe huɗu da kusurwoyi huɗu a miƙe kamar na allo. Tambaya: murabba'in mita nawa ne girmanta? Bayani na farko ya ce kewayenta mita 280 ne. Na biyu ya ce daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta ta tsakiyar gonar mita 100 ne.

Ana auna kowane bayani shi kaɗai tukuna. Kewaye 280 na nufin tsawo da faɗi idan aka tara su 140 ne. Gona mai mita 100 da 40 ta cika wannan sharaɗi, girmanta 4,000. Mai 70 da 70 ita ma ta cika shi, girmanta 4,900. Tunda amsa ta zama biyu, bayanin bai isa ba, A da D sun fita. Daga nan sai a ajiye na farko kamar ba a taɓa ganin sa ba. Layin tsakiya mai mita 100 zai iya ratsa siririyar gona, zai iya ratsa mai faɗi, don haka B ma ya fita.

Sai haɗawa. Ƙa'idar Pitagoras ta nuna cewa tsawo sau tsawo, a tara da faɗi sau faɗi, 10,000 ne. Shi kuwa 140 sau 140 ya ba da 19,600. Ratar da ke tsakaninsu, 9,600, ita ce girman gonar sau biyu. Girmanta ke nan 4,800, ƙasa kaɗan da rabin hekta, wato gona mai mita 80 da 60. Amsa C ce, kuma mai jarrabawa ba ya buƙatar kai lissafin ƙarshe. Da zarar ya tabbatar amsa ɗaya ce za ta fito, ya gama.

Inda aka fi faɗawa tarko shi ne zato. Da tambayar ta ce gona ce mai gefe huɗu kawai, kamar yawancin gonakin karkara da iyakarsu ke bin rafi ko turba, to bayanan biyu ba za su isa ba, amsa ta koma E. Da kuma ta ce dukkan gefunan tsawonsu ɗaya, kusurwoyin a miƙe, kowane bayani ya isa shi kaɗai. Haka nan a tambayar da ake amsawa da i ko a'a, tabbataccen a'a ma wadatarwa ce.

Wajibi ne mai shiri ya san cewa a watan Nuwamba 2023 aka fito da sabon tsarin GMAT: sassa uku, kowanne minti 45, maki daga 205 zuwa 805. An cire lissafin siffofi daga manhajar, tambayoyin wadatar bayani kuma aka mayar da su sashen nazarin bayanai mai tambaya 20. Wanda ya dogara da tsofaffin littattafai zai ɓata lokaci kan da'ira da alwatika, sai dai idan GRE zai rubuta, inda har yanzu ake tambayar su. Dabarar tantancewar kuwa tana nan yadda take.

Amfaninta bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 500 domin noma, da 5,000 domin kiwo, kuma da awo ake tabbatar da waɗannan iyakoki. Idan jami'i ya ce an kewaye fili da katanga mai mita 280, bai faɗi girman filin da aka karɓa ba. Manomin da ke jiran diyya yana da haƙƙin neman a ba shi tsawo da faɗi da siffar filin a rubuce kafin ya sa hannu.