Kunne da Ido: Yadda Ɗaliban Sakandare na Ƙasar Sin Ke Fama da Turanci

Duk shekara, ranar 8 ga watan Yuni, idan ƙarfe uku na rana ta gabato, unguwannin da ke kewaye da makarantun sakandare na ƙasar Sin su kan yi tsit, domin hukuma ta riga ta hana direbobi danna hon, ta umarci masu gine-gine su kashe injinansu, 'yan sanda kuma sun tsaya a kan tituna suna karkatar da motoci zuwa wasu hanyoyi. Abin da ake yi wa wannan tattali duka bai wuce minti ashirin ba, wato lokacin da za a saki muryoyin masu magana da Turanci ta lasifika, ɗalibai kuma su kasa kunne su amsa tambayoyi ashirin a kan abin da suka ji. Da haka ake buɗe takardar harshen waje a jarrabawar shiga jami'a da Sinawa ke kira Gaokao, wadda mutum miliyan 13.42 suka yi rajistarta a shekarar 2024. Kuma ko da yake an yarje wa ɗalibi ya zaɓi Rashanci, ko Japananci, ko Faransanci, ko Jamusanci, ko Sifaniyanci, galibinsu Turanci suke ɗauka. Makin takardar 150 ne, daidai da na lissafi, daidai kuma da na Sinanci kansa.

Sinawa al'umma ce da ta daɗe da sabawa da jarrabawa, domin tun zamanin daular Sui, shekara fiye da 1300 da suka wuce, sarakunansu ke zaɓen ma'aikatan mulki ta hanyar imtihani a kan littattafan magabata, ba a kuwa soke wannan tsari ba sai a 1905. Ita Gaokao an dakatar da ita a 1966 sa'ad da guguwar Juyin Al'adu ta rufe makarantu, sai a ƙarshen 1977 Deng Xiaoping ya sa aka dawo da ita, mutum kimanin miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki wajen 270,000. A farkon lamarin harshen waje ba shi da wani nauyi a ma'auni: a 1979 kashi 10 cikin ɗari na makinsa kaɗai ake lissafawa, aka yi ta ƙarawa shekara bayan shekara har ya cika a 1983. A tsakanin haka ne, a 1982, gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin koyar da Turanci na BBC mai suna Follow Me, wanda ya tara jama'a gaban akwatunan talabijin a masana'antu da ɗakunan kwanan ɗalibai. Daga 2001 kuma Ma'aikatar Ilimi ta ba da umarni a fara koyar da Turanci tun daga aji uku na firamare, saboda haka yaron da ya zauna wa Gaokao a yau ya shafe kusan shekara goma yana hulɗa da harshen.

Amma duk da tsawon wannan hulɗa, Sinawa da kansu ne suka raɗa wa abin da makarantunsu ke samarwa suna guda biyu masu ciwo, "Turancin bebe" da "Turancin kurma", suna nufin mutumin da ya haddace dubban kalmomi, ya san hukuncin kowane aikatau, yana iya warware jumla mai sarƙaƙiya a takarda, amma idan Bature ya tambaye shi hanyar tasha sai ya tsaya yana kallonsa. Wannan ba baƙon ciwo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malaman lugga. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya bambanta tsakanin sanin ƙa'idodin nahawu da samun malaka ta harshe, ya kuma kawo misalin mutumin da zai iya siffanta maka yadda ake ɗinki daki-daki, yadda ake zura zare da yadda ake soka allura, amma idan aka miƙa masa ƙyalle ba zai iya haɗa komai ba. A ganinsa malaka ba ta samuwa sai da yawan ji da yawan maimaitawa. Ajujuwan Sin, inda malami ɗaya kan tsaya gaban yara hamsin ko fiye yana fassara nassi kalma bayan kalma cikin Sinanci, sun daɗe suna ba da ilimin ƙa'ida a yalwace, suna ƙuntata wa kunne.

Ya kamata a yi wa ɗalibin adalci, domin wahalar da kunnensa ke sha tana da asali a cikin harshen da ya tashi da shi. Sinancin Mandarin harshe ne mai karin sauti, kamar yadda Hausa take, kuma gaɓoɓinsa, in an ajiye karin sautin gefe, kimanin 400 ne kawai. Kowace gaɓa tana fita a fili da nauyinta, tana ƙarewa da wasali ko da baƙin hanci, ba a kuma jera baƙaƙe biyu ko uku a cikinta ba tare da wasali ba. Turanci kuwa akasin haka yake: mai magana ya kan danna gaɓa ɗaya da ƙarfi ya haɗiye na kusa da ita, ya liƙa ƙarshen kalma da farkon mai bi mata, ya raunana ƙananan kalmomi har su koma kamar numfashi. To, yaron da ya koyi kalma daga jerin da ke bayan littafi, ya kuma furta ta da wasulan da ya cusa mata don ta zauna a bakinsa (kamar yadda mu ma muka yi da burodi da buroshi), ya ajiye wata sura a ƙwaƙwalwarsa wadda ba ita ce za ta fito daga lasifika ba, sai kalmar da ya sani sarai ta wuce shi bai gane ta ba. Ƙari a kan haka, a Sinancin baka lamirin "shi" da na "ita" furucinsu ɗaya ne, a rubutu kaɗai suke rabuwa, don haka bin diddigin wanda ake magana a kansa cikin zance mai sauri ya kan zame masa aiki na musamman, abin da Bahaushe, wanda harshensa ke bambanta namiji da mace har a cikin "ka" da "ki", ba zai yi zaton matsala ce ba. Ba a banza malaman tajwidi suka dage a kan talaƙƙi ba, wato ɗaukar karatu daga bakin malami, domin sun san mafitar harafi ba ta shiga ta ido.

Sashen sauraro a takardar Gaokao ta ƙasa maki 30 ne. Ana farawa da gajerun hirarraki biyar, waɗanda aka daɗe ana karanta su sau ɗaya tak, sannan a zo da wasu biyar masu ɗan tsawo, hira ko jawabi, a karanta kowanne sau biyu. Akwai wata tambaya ta misali da aka shekara da shekaru ana buɗe sashen da ita, a kan farashin wata riga, kuma amsar ba ta taɓa canzawa ba, fam tara da kwabo goma sha biyar, har ta zama abin barkwanci tsakanin duk waɗanda suka bi ta wannan ƙofa. Tambayoyin na gaskiya kuwa ba su cika neman kalmar da aka furta ba; sun fi neman a gane inda masu zancen suke, da alaƙar da ke tsakaninsu, da abin da macen da ke cikin hirar take nufi alhali ba ta faɗa ƙarara ba, da ƙarfe nawa jirgi zai tashi idan an ce an jinkirta shi da rabin sa'a. Masu tsara tambaya sun san cewa sha biyar da hamsin a Turanci sun yi kama a kunne, sun kuma san cewa ɗalibi mai rauni zai cafke kalmar farko da ya gane, don haka su kan sa ta a cikin amsar da ba daidai ba. Malamai su ma sun ƙware wajen maganin wannan: a karanta zaɓuɓɓuka kafin murya ta fara, a jira abin da zai biyo bayan "amma", kada a tsaya jimamin tambayar da ta wuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin wannan sashe shi ne yadda kulawar makarantu da kunne take hawa da sauka gwargwadon makin da aka ɗora masa. An yi shekaru wasu larduna suna gudanar da sauraron amma ba sa lissafa makinsa a cikin jimlar ɗalibi, kuma ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane abin da shugaban makaranta zai yi da sa'ar da aka ware wa darasin da ba ya ƙara maki. A ɗaya ɓangaren, bayan gyaran da aka soma a Shanghai da lardin Zhejiang a 2014, aka ba ɗalibi damar zama wa harshen waje sau biyu ya riƙe makin da ya fi. Birnin Beijing kuma ya mayar da sauraro da magana jarrabawa ta daban a kan kwamfuta, mai maki 50 tun daga 2021. Mu ma muna da abin dubawa a nan, tun da takardar furuci ta WAEC a Nijeriya a rubuce take, ɗalibi na zaɓen sautin da ya dace ba tare da ya ji muryar kowa ba, alhali takwaransa na Gana sauraro yake yi.

Fahimtar karatu ita ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka, maki 50 a sabon tsarin takardar ƙasa. Nassosi huɗu ne, kowanne kimanin kalma 300, galibi an tsakuro su daga jaridu da mujallu da littattafan ƙasashen Turai da Amurka an ɗan sassauta su, na farko ya kan zama sanarwa ko talla, na ƙarshe kuma bayanin wani bincike na kimiyya. Sai nassi na biyar da aka cire jumloli biyar daga jikinsa, a ba ɗalibi bakwai ya mayar da kowace mazauninta. A nan ma ginin harshe yana da hannu. Sinanci ba ya sauya siffar aikatau don nuna lokaci, kuma duk bayanin da ke siffanta suna gabansa yake zuwa, yayin da Turanci ke ajiye sunan ya yi ta rataya masa bayani a baya, wani cikin wani, har mai karatu ya manta da wanda ya yi aikin kafin ya iso ga aikatau. Shi ya sa malaman Sin suka ware babi guda na abin da suke kira dogayen jumloli masu wuya, suna koya wa yara su fara tono ƙashin bayan jumla kafin su waiwayi rassanta, wanda ba shi da nisa da abin da ɗalibin nahawu ke yi in yana neman mubtada'i da habari.

Sai dai hanyar da ta fi yaɗuwa a ajin ƙarshe ita ce wadda su da kansu ke kira dabarar tekun tambayoyi. Akwai wani kundi da kusan kowane ɗalibi ya sani, wanda sunansa ke nufin shekara biyar na Gaokao da shekara uku na gwaji, kuma da irinsa ake kwana ake tashi, a amsa, a duba, a rubuta kuskure a littafi na musamman, a sake amsawa. Ba zan ce wannan ba shi da amfani ba, domin yana koyar da saurin ido da sanin tarkon mai tambaya, kuma ga ɗan manomi daga lardin Gansu ko Guizhou, wanda bai taɓa zama da mai jin Turanci ba, wannan kundi ne abin da hannunsa ke iya kaiwa gare shi. Amma riwaya daban, diraya daban. Wanda ya saba ya karanta tambaya tukuna sannan ya shiga nassi yana farautar layin da amsa take, ya koyi fita daga nassi ne da abin da aka aike shi, bai koyi zama a cikinsa har ya ji inda marubuci ya dosa ba; kuma tambayoyin da suka fi kayar da ɗalibai, wato manufar marubuci da ra'ayinsa da taken da ya fi dacewa, su ne daidai waɗanda farauta ba ta kamo su.

Masu tsara manhaja sun san da haka. Manhajar Turanci ta manyan makarantun sakandare ta 2017, wadda aka yi wa gyara a 2020, ta tsayar da kalmomin da ake bukata a kan kimanin 3000, ta kuma nemi ɗalibi ya riƙa muɗala'a a wajen aji, aƙalla kalma 1500 a mako a matakin farko, 2500 a na gaba, tare da rabin sa'a ko fiye na sauraro da kallo. Amma abin da ya fi umarni tasiri shi ne wata sabuwar tambaya da lardin Zhejiang ya fara amfani da ita a 2016, ta kuma bazu zuwa larduna da yawa: a ba ɗalibi labari wanda aka yanke a tsakiya, a ba shi jumlar farko ta sakin layi biyu, a ce ya ƙarasa shi da kalma wajen 150, a kan maki 25. A zahiri tambayar rubutu ce, tana zaune kusa da wasiƙar da ake sa ɗalibai su rubuta da sunan wani yaro na ƙage mai suna Li Hua, wanda ya shafe shekaru aru-aru bai gama sakandare ba; amma a haƙiƙa jarrabawar karatu ce mafi tsanani a takardar, domin babu zaɓuɓɓuka huɗu da za a yi canke a cikinsu, kuma wanda bai fahimci halin mutanen labarin da abin da ya haɗa su ba, ƙarshen da zai ƙaga zai tona shi tun a layin farko. Tun da ta shigo, malamai da dama sun koma sa yara karanta gajerun labarai da sauƙaƙan littattafan hikaya, ko da yake kasuwa ba ta yi jinkiri ba wajen fito da kundayen jumlolin siffanta hawaye da murmushi da bugun zuciya, waɗanda ɗalibai ke haddacewa da asuba don su zuba a duk labarin da ya zo.