Ƙaramar Kalma, Babban Kira

'Yan'uwa, a Sabon Alkawari na Helenanci akwai wata ƙaramar kalma, "tis". In an sa mata alamar ɗaga murya, tambaya ce: wa? In babu alamar, ma'anarta wani ko kowa. Mu Hausawa mukan raba wani da wata, amma "tis" ɗaya ce ga namiji da mace.

Ita ce ke cikin Yohanna 7:37, inda Yesu ya kira mai jin ƙishi ya zo ya sha. Bai ambaci suna ko kabila ba. Manomin albasa a Aliero, mai talla a kasuwar Jega, gwauruwa a Maiyama, kiran ya haɗa da mu duka. Kada waninmu ya ce ba da shi ake ba. Mu amsa yau.