Gunjin Bututun Iska: A Rage Ƙara, Amma Kada A Shaƙe Mota

Jama'a 'yan'uwa mazauna Kudu, da yawa daga cikinmu idan Allah Ya hore wa mutum ɗan abin hannu a Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu, abin da kan fara zo masa a zuciya shi ne ya sayi mota ya aika gida ta riƙa nemo wa iyali abinci. To, mutanen Jos da kewayenta ba kowace mota ce ke yi musu ba. Wadda za ta shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ta kwaso dankalin Turawa da kabeji da tumatir ta kai kasuwar Farin Gada, tilas ta zama mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover da Hilux da Land Cruiser.

A jikin wasu daga cikin motocin nan za ka ga wani baƙin bututu ya fito daga gefen bonet, ya bi jikin gilashin gaba, ya hau har kusa da rufi. Wannan shi ne bututun shan iska, wanda Turawa ke kira sinokel. Ba a jimawa sai ƙanenka da ka danƙa wa motar ya aiko maka cewa bututun ya hana shi sakat da gunji a kunne, yana so ya cusa masa soso ko ya sa a cire shi. Kafin ka ba shi amsa, ya kamata ka san abin da ke nan, domin kuɗinka ne a kan hanya.

ABIN DA YA SA AKE ƊORA SHI

Ƙasar Filato ƙasar kuza ce. Shekara da shekaru kamfanoni suna haƙa, har zuwa 1985 lokacin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kamfanonin sun janye, amma ramuka da kududdufai da kwazazzabai suna nan. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, rafin da ka tsallake da safe ƙila da la'asar ya kai maka gwiwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ne da jar ƙura.

Injin mota yana numfashi kamar mutum. Injin mai lita biyu da rabi, idan yana juyawa sau 2,000 a minti, yana zuƙar iska wajen lita 2,500 a minti ɗaya, watau cikin duro goma sha biyu da ɗoriya. Asalin hancin mota yana ƙasa ne, kusa da taya, inda ƙura ta fi kauri, inda kuma ruwa ke fara isa. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ko da rabin kofi ya shiga silinda fistan ya taho ya danna shi, sai ƙarfen da ke riƙe da fistan ya lanƙwashe, injin ya tsaya cak. Aikin bututun shi ne ya ɗaga hancin nan sama da ruwa da ƙura.

DAGA INA GUNJIN YAKE?

Gunjin ba sabon abu ba ne, da ma yana nan, bonet ne ke rufe shi. Tsofaffin Land Rover, waɗanda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, suna da tukunyar tace iska mai ɗauke da baƙin mai a cikin bonet, ita ke kama ƙura ta kuma danne ƙara. Motocin baya-bayan nan kuma akan sa musu wata 'yar akwatin roba a jikin hanyar iska, ba ta da wani aiki sai shanye amo. Yanzu an ɗauko bakin hanyar an kawo shi daidai kunnen direba.

Injin ba ya zuƙar iska a miƙe, kurɓa yake yi. Mai silinda huɗu yana kurɓa sau biyu a kowane juyi, watau sau 4,000 a minti idan yana juyi 2,000. Kurɓar nan idan ta bi ta dogon bututu sai ta zama amo, kamar dai kakaki a bakin mabushi. Wannan ita ce ƙara ta farko, mai kauri, wadda ke tashi idan an taka totur a hawan dutse.

Ta biyu kuwa karkarwa ce. Idan ƙarfen da ya riƙe bututun ya manne da jikin mota ba komai a tsakani, ko noti ya kwance, sai duk kan motar ya zama ganga. Ta uku ita ce shewar iskar hanya a bakin bututu idan ana gudu, kamar yaro na busa bakin kwalba. Ta huɗu ita ce mai hatsari, wato wani siririn fito daga wajen mahaɗa. Wannan alama ce akwai kafa, kuma inda iska ta shiga, nan ƙura da ruwa za su bi.

MAGANINSA

Da farko a nemo kafa. Makaniki ya bi kowace mahaɗa ya ɗaure kilif, ya sake tiyon da ya tsage, ya liƙe da gam mai jure zafi. Hanyar gwaji ita ce a bar injin yana sulo, a ɗora ɗan faffaɗan katako a bakin bututun na ɗan lokaci kaɗan. Idan injin ya fara neman mutuwa, hanya a rufe take. Idan bai ko ji a jikinsa ba, yana shan iska ta wani wuri. Kada a yi gwajin nan da tafin hannu ko da tsumma.

Na biyu, a raba bututun da jikin mota. A yanko robar tsohon tuf a sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sa'an nan a ɗaure noti. Wannan ba ya cin kuɗi, amma sau da yawa shi kaɗai ya isa direba ya ji sanyi.

Na uku, kan bututun. Idan bakinsa na duban gaba ko yana duban taga, a juya shi baya. Wanda ya fi yawo a hanyar ƙura yana iya neman zagayayyen kai mai kwano, wanda ke juya iska ƙura ta taru a gindi, amma ya sayi daidai girman injinsa, ya kuma riƙa zubar da ƙurar.

Na huɗu, idan mai walda ne ya haɗa bututun da siririn ƙarfe, a duba faɗinsa. Kada ya fi asalin hanyar iskar motar ƙunci, domin ƙunci na ƙara wa iska gudu, gudu na ƙara kuka. Bututun roba mai kauri ya fi na ƙarfe shiru, na ƙarfe kuma ana iya naɗe shi da roba ta waje. Akwatin robar nan mai shanye amo, idan an cire ta, a nemo ta a Dilimi wajen masu kayan gyara a mayar, a liƙe ta sosai.

ABIN DA BA A YI

Kada a cusa soso ko katifa ko tsumma a cikin bututun. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta Legas kauri ba. Injin da ba shi da turbo yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa kafin ya kai can. Motar da ka gwada a Ikko ka ji tana tsalle, da ma za ta ɗan yi sanyi a Filato. In aka ƙara toshe mata hanci, sai baƙin hayaƙi da shan mai da kasa hawa da kaya. In kuwa injin ya zuƙe soson ciki, to, sai labari.

Haka kuma a gaya wa direba bututu ba ya mai da mota jirgin ruwa. Wayoyin wuta da giya suna nan a ƙasa, ruwa mai gudu kuwa da ya kai tsawon cinya yana iya tafiya da mota sukutum. Mutanen Rikkos ba su manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan ƙanenka ya sake kawo kuka, tambaye shi irin ƙarar. Idan karkarwa ce ko shewa, roba da sifana sun isa. Idan fito ne, kada motar ta sake shiga rafi sai an liƙe kafar. Idan kuwa an yi duk wannan saura ɗan gunji a hawan dutse, ya yi haƙuri, motar ce ke numfashi. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa wa nema albarka, amin.