Hannun Malami Da Jikin Ɗalibi

A wata makarantar firamare ta ƙasar Bakura, wadda ba zan ambaci sunanta ba, na duba rajista na tarar wata yarinya 'yar aji biyar ta yi mako uku ba ta zo ba. Hedimasta ya ce talla ce ta riƙe ta. Da aka aika wa uwarta sai magana ta fito, watau malaminsu ne, kullum ta kai littafi sai ya riƙe mata hannu, ya ja kumatunta, 'yan aji suna dariya. Aka tuhume shi, ya rantse wasa yake yi, kamar yadda yake wa ƙannensa. Mai yiwuwa gaskiyarsa ke nan. Amma ita yarinyar ba ta ɗauke shi wasa ba.

To jama'a, kada wani ya ce wannan sabon abu ne da Turawa suka kawo. Bahaushe ya gina zaure ne don baƙo ya tsaya ya yi sallama. Suratun Nur, aya ta 27 da ta 58, ta kafa neman izini kafin shiga gida, har a kan yaran gida a lokuta uku na yini. Hadisi kuma ya umurci a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara 10. Wanda aka hana shi faɗa wa ɗakin mutum ba izini, ina zai sami izinin jikinsa?

Inda muke da rauni shi ne wajen wasa. Akwai wasan taubasai, akwai na kaka da jika, inda tsoho zai jawo yarinya yana cewa matarsa ce. Galibi ba da mugun nufi ba ne, amma a inuwarsa mai mugun nufi yake fakewa. Ga kuma kunya. Mun hori yaro kada ya dubi idon babba, kada ya ce masa a'a, kuma horo ne mai kyau. Sai dai wannan kunyar ita ke rufe masa baki ran da babba ya wuce gona da iri.

Lokacin da Alhaji Ahmad Sani, Yariman Bakura, yake gwamna, aka fara aiki da Shari'a a Zamfara cikin Janairu 2000, an ware wa mata motocin haya nasu. Wannan maganin cunkoson tasha ne da baƙon da ba a sani ba. Cikin aji da cikin gida kuwa, mai taɓawar sananne ne, sau da yawa ma ana girmama shi. Gwamnatin Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, ta yi ta hana cin zarafin mutane a 2015, amma alƙali ba ya jin ƙarar da ba a kai masa ba.

Mu tuna kuma cikin Fabrairu 2021 'yan bindiga sun kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Talata Mafara. Uban da ya danne wannan tsoro ya sake tura 'yarsa makaranta ya ba mu amana mai nauyi, ƙaramin dalili ya ishe shi ya janye ta.

Saboda haka abin da nake so masu koyon malanta su riƙe, ko a Kwalejin Maru inda Malam Aminu Kano ya taɓa koyarwa, ko a wani wuri, ba shi da wuya. Kada malami ya kira ɗalibi shi kaɗai ya rufe ƙofar ofis. Gyaran rubutu da alli ake nunawa, ba sai an kama hannu ba. Yarinya in ba ta da lafiya a kira malama. Yara maza ma haka, don su sun fi ɓoyewa. In yaro ya ce “bari”, a bari, ko da mai sakin fuska ne jiya. In ya kawo ƙara, a saurare shi tukuna kafin a ce ƙarya yake.

Malamin nan an ja masa kunne a gaban hedimasta, aka sauya masa aji. Yarinyar ta dawo bayan uwarta ta zo da kanta ta ga sabuwar malamar. Da na sake zagayawa na same ta a benci na baya, kusa da ƙofa, tana aika littafinta ta hannun ƙawarta.