Injin Niƙa Mai Aiki Da Iska

A nan Saji kowa ya san dutsen niƙa, kowa ya san injin niƙa mai shan mai. Amma akwai wani irin inji wanda ba ya shan kome, iska ce ke juya shi. Ga labarin ɗaya daga cikinsu.

A unguwar Brixton, cikin birnin Landan, akwai wani dogon gini na bulo. A kansa akwai fukafukai huɗu. A da, in iska ta buso sai su juya, su kuma su juya manyan duwatsu biyu a ciki. Alkama ta shiga tsakani, ta fito gari.

An gina shi a 1816. A 1817 wani mutum, John Ashby, ya karɓe shi haya. Sana'ar ta zama gado a gidansu. A lokacin wurin duk fili ne, iska na kaɗawa yadda ta so.

Sannu a hankali gari ya cim masa. Gidaje suka kewaye shi, suka tare iska. A 1862 sai masu niƙa suka tashi, suka koma bakin wani kogi inda ruwa ke juya duwatsu. Aka cire fukafukan, ginin ya zama wurin ajiya. A 1902 suka dawo, suka sa inji mai aiki da tururi. A 1934 aka daina niƙa, aka rufe ƙofa.

To, daga nan na wa ne? A 1957 hukumar Landan ta saye shi, daga baya ta gyara. A 1971 ya koma hannun ƙaramar hukumar Lambeth. Ya zama na jama'a ke nan. Amma da ya zama na kowa, sai ya rasa mai kula. Ɓata-gari suka yi ta lalata shi.

A 2003 mutanen unguwa suka kafa ƙungiya, suka yi ta neman kuɗin gyara. A 2011 aka sake buɗe shi. Daga baya har aka koma niƙa gari a ciki, da wutar lantarki.

Jama'a, mu duba namu. Rijiyar gari da ajin nan da muke karatu, na wa ne? In ta rufta, wa zai yashe? In ya zuba, wa zai yaɓe? Kada mu jira sai sun lalace kafin mu tambaya.