Bayanin Fuwwa da Danginta, da Yadda Ake Rarrabe Su

 Ga bayani a kan wata saiwa da sunanta ya yawaita cikin littattafan ɗibbu, ita ce fuwwa, wadda Ibnul Baiɗar, da ya rasu a 1248, ya ambata cikin littafinsa na magunguna. Mai karatu yakan ga sunan, ya aiki almajiri daji, a kawo masa wata saiwa ja-ja, ya ɗauka ita ce. Wannan kuwa ganganci ne, gama abin da za ya shiga cikin mutum ba a yi masa kintace.

To, ku sani fuwwa ba tsiron dajinmu ba ce. Mazauninta su ne Magrib da Sham da Turkiyya da Farisa. Alamunta huɗu ne: karanta mai kusurwa huɗu ne, yana da ƙananan ƙayoyi masu kama tufa, ganyenta yana kewaye gaɓa, huɗu zuwa shida, 'ya'yanta ƙanana ne, baƙaƙe in sun nuna, saiwarta kuwa in an karya ja ce har ciki.

Ita kanta iri-iri ce. Fuwwar marina ganyenta yakan mutu da hunturu, ita ce mai yawan rini. Ta daji ganyenta yana da kauri da sheƙi, ba ya zuba duk shekara, rininta bai kai na farkon ba. Ta Hindu, wadda ke fita kuma a tsaunukan gabashin Afirka, ganyenta mai faɗin gindi ne, bisa doguwar sanda. A 1868 masana biyu a Jamus suka haɗa launinta ba da saiwa ba, nomanta ya faɗi. A 2004 kuma hukumar Japan ta hana sa launinta cikin abinci, saboda tsoron ciwon daji a ƙoda. Ashe ko ta gaskiyar ba abin sha ba ce da ka.

Amma danginta suna nan tare da mu, kuma gidansu ɗaya da gahawa da itacen kwinin. Shaidar gidan ita ce ganye yana fuskantar ɗan'uwansa a gaɓa, da ɗan ƙaramin kunne tsakaninsu.

Na farko harwatsi, haki ne na gonaki, fararen furanninsa ƙanana suna cunkushe a gaɓa. Ana goga shi ga ƙyasfi, saiwarsa ba ta rini. Na biyu giyayya, itacen fadama da bakin tafki irin na Kalmalo. Furenta dunƙule ne mai ƙamshi, in ya bushe ya yi duhu ya daɗe bisa reshe. Na uku gauɗe, a nan ne ruɗu ya fi yawa, don furensu duka fari ne mai ƙamshi. Sai a dubi ɗan. Gauɗen da ake ci ɗansa rawaya ne, mai tsoka. Gauɗen kura ɗansa toka-toka ne, mai tauri kamar itace, ba a cinsa. Gauɗen dutse kuwa gajere ne, yana fita bisa fako da duwatsu, tohonsa yana da danƙo, ɗansa ƙarami. Masana suka laƙaba masa sunan Sakkwato, suna ce da shi Gardenia sokotensis. Likita Dalziel ya rubuta sunayen nan cikin ƙamusunsa na itatuwan Hausa a 1916.

Jan da dukawa ke rina fatar akuyar Sakkwato da shi kuwa, na karan dafi ne, shi ko wani irin dawa ne, ba ya da nasaba da fuwwa ko kaɗan.

Saboda haka, ya kai falke, in an miƙo maka gari ja a Illela ko a Birnin Ƙonni aka ce fuwwa ne, nemi saiwar ɗungum, ka karya ka duba, ka tambayi ƙasar da ta fito. Kai kuma malam, kada ka musanya wani itace da abin da littafi ya ambata don launinsu ya zo ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne. Haza wasalam.