Daga Nazca Zuwa Manga: Yadda Waya Ke Nuna Tsoffin Garuruwa Daga Sama

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun ƙasar Zuru da rani, bayan an cire amfanin gona ciyawa ta bushe, ya san yadda ake cin karo da jerin duwatsun da kallo ɗaya ya isa a gane hannun mutum ne ya tsara su. Nan guntun katanga, can da'ira mai kama da tushen ɗaki ko na rumbu. Mai tafiya a ƙasa yakan gan su ɗaya bayan ɗaya ya wuce. Amma fasalin garin gaba ɗaya, inda ƙofa take, inda hanya ta bi, inda aka binne manya, sai daga sama yake fitowa.

A wasu ƙasashe mutane na biyan kuɗi masu kauri su hau jirgi don su yi irin wannan kallo na ƙasa da awa biyu. Matashin da ke zaune a Manga, kusa da garin Zuru a Jihar Kebbi, na iya samun kaso mai tsoka na kallon da wayar da ke aljihunsa. Sai dai akwai ƙa'idojin da in bai san su ba, zai iya jefa kansa cikin matsala, ya kuma jawo wa kayan tarihin garinsu ɓarna.

Yadda ake yi a Peru

A hamadar Nazca da ke kudancin ƙasar Peru, a nahiyar Amurka ta Kudu, akwai manyan zane-zane a doron ƙasa waɗanda aka yi tsakanin kusan shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa shekara 500 bayanta. Masu zanen sun riƙa kwashe jajayen duwatsun da ke sama ne, farar ƙasar da ke ƙarƙashi ta bayyana. Da yake ruwan sama bai cika sauka a wurin ba, layukan suna nan har yau. Akwai biri, akwai gizo-gizo, akwai wani tsuntsu mai dogon baki da tsawonsa ya haura mita 90. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1994.

Manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido sukan tsaya a tashar General San Martín da ke kusa da garin Paracas, galibi daga safe zuwa yamma. A cikin waɗannan 'yan awanni ne fasinja zai sauka, mota ta kai shi filin jirgin saman Pisco, a duba fasfo ɗinsa, a auna nauyinsa don a san kujerar da za a ba shi, sannan ya shiga ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum kusan 12. Zuwa da dawowa na cin kimanin awa ɗaya da rabi, kuɗin kujera kuma yakan haura dala 200. Matuƙi yakan karkata jirgin dama da hagu a kan kowane zane don mutanen ɓangarorin biyu su gani, shi ya sa da yawa ke saukowa da jiri da tashin zuciya.

Tsarin yana da nasa haɗarin. Hazon safiya na iya jinkirta tashi, kuma fasinjan da ya shirya tafiyarsa da kansa, in ya makara, jirgin ruwa ba ya jiran sa. A watan Fabrairun 2022 wani ƙaramin jirgin masu yawon buɗe ido ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin Nazca, mutum bakwai suka rasu. A Masar ma, inda jiragen ruwan Kogin Nilu ke tsayawa a Luxor fasinjoji su hau balan-balan da asuba don kallon kaburburan Fir'aunoni, wani balan-balan ya kama da wuta a Fabrairun 2013, mutum 19 suka mutu.

Abin da ya fi dacewa da masu waya shi ne, manyan abubuwan da aka gano a Nazca a 'yan shekarun nan daga hotuna aka fara hango su. A Satumbar 2024 masu bincike na Jami'ar Yamagata ta Japan, da haɗin gwiwar kamfanin IBM, suka sanar da gano sabbin zane 303. Sun ba ƙirƙirarriyar basira hotunan sama ta nuna wuraren da take zargi, su kuma suka taka da ƙafa suka tabbatar. Kafin nan, a kusan shekara ɗari na bincike, zane 430 masu siffar mutum ko dabba aka sani.

Kallon sama a fuskar waya

Manhajar Google Earth kyauta ce a Android da iPhone. Tun daga Satumbar 2024 aka ƙara mata damar duba tsoffin hotunan tauraron ɗan'adam a kan waya, abin da a da sai a kwamfuta. Wannan na da muhimmanci, domin hoton damina ganye ne kawai yake nunawa, hoton rani kuwa shi ke fitar da ganuwa da tushen gini. Manhajar na da abin auna tsawo da faɗi, da abin dasa alama a adana. Tana cin data sosai, don haka masu sayen datar dare sun fi samun sauƙi.

Irin wannan bincike ya riga ya haifar da ɗa mai ido. A 2017 Farfesa David Kennedy na wata jami'a a Ostareliya ya wallafa bayanin wasu gine-ginen duwatsu kusan 400 a hamadar Saudiyya, waɗanda ya nazarta ta Google Earth. A hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar kuma, duk mai waya na iya hango katafariyar da'irar baƙaƙen duwatsu mai siffar jirgi a tsakiya, wadda iyalai suka gina a 2007 don tunawa da mutum 170 da suka rasu a jirgin UTA da aka tarwatsa a 1989.

Wanda ke son horar da idonsa a kusa da gida, Surame ce makaranta. Birni ne da Muhammadu Kanta, sarkin Kabi, ya kafa a ƙarni na 16, a cikin Jihar Sakkwato ta yau, aka kuma bar shi a farkon ƙarni na 18. An ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1964, ya shiga jerin wuraren da Najeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007. Ganuwarsa ta dutse ce. Mutumin da ya bi layin ganuwar da yatsa a fuskar waya zai koyi bambance aikin mutum da na ruwa: ganuwa tana kewayawa ta haɗe, rafi kuwa gangarawa yake yi yana rassa.

Akwai wasu hanyoyin na kyauta. Taurarin Sentinel-2 na Tarayyar Turai na ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana biyar, amma kowane ɗigo a hotonsu mita 10 ne, wato sun dace da lura da yadda gona ko wurin fasa dutse ke matsowa kusa da kufai, ba su dace da neman tushen ɗaki ba. Sai kuma hotunan CORONA, taurarin leƙen asirin Amurka da suka yi aiki daga 1960 zuwa 1972, aka saki hotunansu a 1995. Sun haɗa da sassa da dama na Afirka, ana neman su a shafin EarthExplorer, kuma sun fi daɗin dubawa a kwamfuta.

Abin da ke kan duwatsun Zuru

Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe suna zaune a kan duwatsu saboda tsaro, kafin jama'a su riƙa saukowa fili bayan yaƙe-yaƙe sun lafa a zamanin Turawa. Sun shahara da tukwane da mutum-mutumin yumɓu da mata ke ginawa, ana ɗora su a kan kaburburan manyan mutane irin su sarakuna da gwanayen farauta da kokawa, a kewaye kabarin da duwatsu. P. G. Harris ya yi rubutu kan al'ummar a 1938, R. T. D. Fitzgerald kuma ya rubuta kan tukwanen kaburburan a 1944.

A nan ne iyakar tauraron ɗan'adam ke bayyana. Hotunan karkara ba su kai na Abuja ko Kano kyau ba, wani lokaci ma tsoffi ne. Doguwar katanga za ta iya fitowa, amma kabari mai faɗin mita biyu ba zai fito ba. Dole sai an matso ƙasa, abin da ke sa matasa da yawa tunanin jirgi mara matuƙi, irin wanda masu ɗaukar bidiyon biki da na Uhola suka saba amfani da shi.

Jirgi mara matuƙi da doka

Ƙananan jirage irin DJI Mini nauyinsu bai kai giram 250 ba, batir ɗaya na kai su kusan rabin awa a sama. Idan aka sa kyamarar ta kalli ƙasa tsaye, aka ɗauki hotuna a jere ta yadda kowanne ya maimaita kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wanda ya gabace shi, manhaja irin OpenDroneMap za ta haɗa su ta fitar da taswira mai nuna tudu da kwari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sanyin safiya ko la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke tsawo tana fito da duwatsun da ke kwance. Ƙurar hunturu na dusashe hoto, zafin Maris da Afrilu kuma na gajiyar da batir.

Amma tun a watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta haramta tashin irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ba. Iyakar tsawon da aka saba bayarwa ƙafa 400 ne, wato kimanin mita 120, kuma dole mai tuƙi ya riƙa ganin jirginsa da ido.

A Masarautar Zuru maganar ta wuce ta takarda. Yankin na iyaka da Zamfara, wadda gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyarta a Maris ɗin 2021, ya kuma sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Akwai barikin soja a Zuru. Ƙaramin jirgi da ke shawagi a kan dutse ba tare da kowa ya san mai shi ba, soja da 'yan sa-kai za su iya ɗaukar sa a matsayin na masu leƙen asiri, mutanen ƙauye kuma su firgita. Saurayin da ya fita neman hoto mai kyau zai iya kwana a hannun jami'an tsaro, ko abin ya fi haka muni. Shi kansa hawa dutsen da ke nesa da gari sai an tambayi waɗanda suka san halin da daji ke ciki a ranar.

Wanda bai da jirgi ko izini bai rasa komai ba. Waya a ɗaure kan doguwar gora, an saita ta tana ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa kaɗan, ta isa ta ɗauki kabari ko tushen ɗaki daga sama. Manhajoji irin Polycam da KIRI Engine na iya haɗa hotunan tukunya da aka ɗauka ta kowace kusurwa su fitar da siffarta da za a riƙa juyawa a waya, ba tare da an taɓa ta ba.

Haɗarin wallafa wuri

Hoton waya yakan ɗauki bayanin wurin da aka ɗauke shi idan GPS na kunne, kuskurensa 'yan mitoci ne kawai. WhatsApp na goge wannan bayani idan an tura a matsayin hoto, amma idan an tura a matsayin fayil, bayanin na tafiya tare da shi. Bidiyon TikTok da ya nuna siffar dutse da hanyar da aka bi ma ya isa ya zame wa ɓarawo jagora.

Arewa ta riga ta ɗanɗana wannan. Masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba sun kwashe mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sanya su a jerin kayan da ta gargaɗi duniya kada a saya, a shekarar 2000. Kayan kaburburan Lelna ma suna fitowa a gidajen gwanjon Turai da Amurka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, ta hana tono ko fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba. Ko masu kyakkyawar niyya na iya ɓarna: a Disambar 2014 'yan ƙungiyar Greenpeace sun shiga kusa da zanen tsuntsun Nazca don shimfiɗa saƙo, sawunsu ya bar tabo a ƙasar, sai da ƙungiyar ta nemi afuwa.

Ga Lelna kuwa, wasu wuraren ba kufai ba ne kawai. Kaburburan kakanni ne da wuraren tsafi da har yanzu suna da masu kula da su, akwai waɗanda ba kowa ake bari ya kusanta ba, balle ya ɗauki hoto.

Ta ina za a fara

Matasan Manga da ke son taskace tarihin duwatsunsu ba sa bukatar filin jirgi. Matakin farko a gida ake yin sa: a buɗe Google Earth, a zaɓi hoton rani, a dasa alama a duk inda aka ga layi ko da'irar da ba ta yi kama da ta halitta ba. Na biyu, a kai wayar gaban dattawa. Su suka san sunan kowane dutse da zuriyar da ta zauna a kansa, kuma muryarsu da aka naɗa da harshen C'lela ta fi hoton kansa wuyar samu nan gaba. Na uku, a nemi iznin mai gari da masu kula da wurin, a sanar da jami'an tsaro rana da lokaci, a tafi da ɗan rakiya na gari. Kada a ɗaga dutse, kada a ɗauki ko guntun kasko.

Bayan an dawo, a adana hotunan a wuri biyu, katin ajiya da ma'adanar intanet. Taswira mai ɗauke da ainihin wurare ta tsaya a hannun dattawa, masarauta da ma'aikatan NCMM, ko sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Wadda za a ɗora a Facebook kuwa, a kashe mata bayanin wuri tukuna, a kuma tambayi masu kabarin ko sun yarda duniya ta gani.